Wai ta yaya zaren DNA mai tsawon mita 2 yake naɗewa ya kuma warware bai cukurkuɗe ba?

Sadiq_fizis ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ina da wata tambaya da ta hana ni sakat tun satin da ya wuce. Ni fizis nake karantawa amma akwai kwas ɗin bayoloji ɗaya da ya zama mana dole, toh ranar firaktikal sai aka ba mu saiwar albasa, muka yanki ɗan tsinin bakinta aka jiƙa a asid mai ɗumi, aka ɗiga mata jan rini aka danne da siririn gilashi. Da na leƙa na'urar, yawancin sel ɗin, wato ƙwayoyin halitta, tsakiyarsu wani dunƙule ne kawai mai duhu-duhu ba ka iya rarrabe komai a ciki, amma can gefe sai na ci karo da wata guda ɗaya da ta fita daban, wasu 'yan sanduna jajaye sun yi sahu a tsakiyarta kamar da hannu aka jera su, kusa da ita kuma ga wata har an riga an ja nata gida biyu kowane sanda ya lanƙwashe kamar harafin V. Mai kula da lab ya ce ai kuromosom kenan, na albasa guda 16 ne. Wallahi na fi minti goma ban ɗago kai ba.

Da na koma ɗaki na yi lissafi da kaina. Sel ɗin mutum yana da haruffan DNA wajen biliyan 6, tsakanin harafi da harafi nanomita 0.34 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), in ka ninka sai ka samu kusan mita 2. Kuma duk wannan yana cikin cibiyar sel wadda faɗinta bai fi maikromita 10 ba (maikromita ɗaya nanomita dubu kenan). Littafinmu zane kawai ya yi, an naɗe zare an sake naɗe naɗin an sake naɗewa har ya zama X, shikenan babu bayanin wa ya naɗe ko da wane ƙarfi. Ni kuma abin bai kwanta min ba, don wayar iyafis ɗina mita ɗaya ce kacal amma in ta yi rabin yini a aljihu sai na zauna kwance ta. Nan kuma zare 46 ne, wato kuromosom ɗin mutum, in sel zai rabu gida biyu an kwafi kowanne sun zama 92, a wuri ɗaya a matse, kuma a cikin kamar awa ɗaya a ce sun rabu tsaf.

Tambayata uku ce. Meye yake yin naɗin? DNA ai cajinsa negetif ne daga farko har ƙarshe, ya kamata ya riƙa ture kansa, to me ya sa yake yarda ya matsu? Sannan in an gama rabuwa da kansa yake warwarewa ko shi ma sai an kashe makamashi?

Malama_Hauwa ta rubuta:

Wa alaikumus salam Sadiq. Bari na fara da ta cajin tunda ita ce amsarta ta fi tabbata. Gaskiyarka, kowane fosfet da ke jikin DNA negetif ne. Amma DNA ba ya zama tsirara a cikin sel, yawancinsa a naɗe yake a jikin wasu furotin da ake ce wa histon, su kuma cike suke da laisin da arjinin, wasu tubalan ginin furotin masu cajin fozitif. Histon takwas ne suke haɗuwa su zama kamar ɗan ƙwarya na zare, haruffa 147 su zagaye shi sau ɗaya da wajen kashi biyu cikin uku, sai ɗan guntun zare, sai wani ƙwaryan. Shi ake kira nukiliyosom. Roger Kornberg ne ya kawo bayaninsa a 1974, a 1997 kuma Karolin Luger da Timothy Richmond da abokan aikinsu suka fitar da surarsa atom bayan atom. A sel ɗaya akwai irinsu wajen miliyan 30. Ka ƙara da gishirin da ke cikin ruwan sel, irin su fotasiyam da magniziyam, suna lulluɓe sauran cajin har turewar ba ta kaiwa nesa.

Wani abu da zai burge ka a matsayinka na ɗan fizis, DNA yana da tauri, in ka ɗauki guntun da bai kai nanomita 50 ba kusan kamar sanda yake, ba ya son lanƙwasa. Amma histon yana tilasta masa ya zagaye abin da faɗinsa gaba ɗaya nanomita 10 ne da ɗan wani abu. Jan da ke tsakanin negetif da fozitif ɗin ne yake biyan wahalar lanƙwasawar.

Sai dai wannan matakin sau 6 zuwa 7 kawai yake rage tsawo, alhali kuromosom na 1 na mutum DNA ɗinsa ya haura santimita 8, a lokacin rabuwa kuma yana dawowa kamar maikromita 10, kusan sau dubu goma kenan. Zanen da ka gani a littafi na zare mai kaurin nanomita 30 ya samo asali tun 1976 daga aikin Finch da Klug, kuma a kwalbar gwaji tabbas yana samuwa. Ni kaina na yi shekaru ina zana wa ɗalibai shi a allo. Amma da aka daskarar da sel aka duba cikinsa kai tsaye ba a ga wannan tsararren naɗin ba, a 2017 ma wani aiki daga cibiyar Salk a Amurka ya nuna zaren a hargitse yake, kaurinsa tsakanin nanomita 5 da 24. Yanzu ina faɗa musu su san zanen saboda jarabawa amma kar su ɗauka haka abin yake a cikin sel mai rai.

Abba_Kondensin ya rubuta:

Malama ta share fage, bari na ɗora daga nan don tambayarka ta farko ita ce abin da na fi so a duk fannin nan. Eh akwai mai naɗin, inji ne na gaske mai cin ATP, wato man da ke ba sel makamashi, sunansa kondensin. Tatsuya Hirano ne ya gano shi a ruwan ƙwan wani kwaɗo a shekarun 1990, sunan ya fito a 1997. Siffarsa kamar zobe, hannuwa biyu dogaye kowanne wajen nanomita 50. Aikinsa shine ya kama zaren a wuri ɗaya ya riƙe, sannan ya riƙa zuƙo zaren da ke gefe yana tura shi ta cikin zoben, sai madauki ya fito yana ta girma, kamar yadda kunnen igiyar takalmi yake ƙara tsawo in kana jansa ta cikin ƙullin.

Tun 1977 Paulson da Laemmli sun cire histon daga kuromosom suka ɗauki hoto, sai ga wani ƙashin baya a tsakiya da madaukai na DNA sun bazu kewaye da shi ba iyaka. An ga madaukan amma ba a san wa ya yi su ba. Kim Nasmyth ya kawo shawarar zuƙowar a 2001, mutane da yawa suna ganin hasashe ne kawai, sai a 2018 aka gan shi da ido a lab ɗin Cees Dekker a garin Delft na ƙasar Holan. Dan Allah ka nemi bidiyon. Sun liƙa bakin zaren DNA guda ɗaya duka biyun a jikin gilashi ya yi sako-sako, suka sa masa rini mai haske, suka tura ruwa ta gefe ya bankaro kamar baka. Da suka zuba kondensin da ATP sai wani ɗan ɗigo mai haske ya bayyana a jikin zaren yana ƙara haske yana tsawo, sauran zaren yana ɗamewa, kana kallo madauki yana fitowa. Na kalle shi ya fi sau ashirin kuma har yanzu tsigar jikina na tashi.

Gudunsa yana kaiwa haruffa 1500 a daƙiƙa, ka ninka da 0.34 ɗinka ka gani, rabin maikromita kenan duk daƙiƙa. Amma fa ba shi da ƙarfi, ja na wajen pikonyuton 1 (ma'aunin ƙarfi ne ɗan mitsitsi) ya isa ya tsayar da shi, alhali kainesin da ke ɗaukar kaya a cikin sel sai wajen 6. Mai sauri ne marar ƙarfi, yana zuƙa ne muddin zaren na da sako-sako, da ya ɗame sai ya tsaya.

Kuma iri biyu ne a jikinmu. Kondensin II yana cikin cibiya tun farko shi yake fara aiki, kondensin I yana waje sai bangon cibiya ya rushe yake samun shiga. A 2018 ɗin dai ƙungiyar Job Dekker da Leonid Mirny da William Earnshaw sun tsayar da sel ɗin kaza a bakin rabuwa suka sake su lokaci guda suna aunawa minti bayan minti. Da farko madaukai na haruffa wajen 60,000 suka fito, daga baya manyan suka kai wajen 400,000 aka kuma rarraba cikinsu da ƙanana na wajen 80,000. Na II ne mai manyan, na I mai ƙananan, gindin madaukan kuma yana murɗawa kamar matakalar bene mai zagaye.

Sadiq_fizis ya rubuta:

Kai Malam Abba nagode sosai, na kalli bidiyon yanzun nan, abin mamaki. Amma har yanzu akwai inda ya tsaya min. Na yarda madauki yana gajarta zare, to amma in zare biyu sun riga sun sarƙe da juna ai ko ka yi musu madauki dubu suna nan a sarƙe. Ta ina warwarar take zuwa?

Abba_Kondensin ya rubuta:

Yauwa, nan ne wajen. Abu na farko ka lura zuƙowa ba ta taɓa haɗa zare biyu daban, tunda injin yana bin zare ɗaya ne daga inda ya kama, duk abin da ya tattaro maƙwabcinsa ne a kan wannan zaren. Da a ce manne ne kawai ake zubawa komai ya liƙe da abin da ke kusa da shi, da duka 92 ɗin sun dunƙule wuri ɗaya ba mai raba su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka me ya sa sel yake kashe ATP a nan.

Na biyu, in madaukai suka yi yawa a jere abin yana komawa kamar buroshin wanke kwalba, ƙarfe a tsakiya gashi ta ko'ina. Kowane madauki yana motsi saboda zafi yana neman fili, in an matse su hanyoyin da za su iya kwanciya sun ragu, entrofi kenan da kuka yi a tamodainamiks. Sai su riƙa ture juna, wannan turewar ita take miƙar da ƙashin bayan ya zama sanda, ita kuma take sa buroshi biyu ba sa son shiga cikin juna. Ka gwada cusa buroshi biyu ka gani.

Na uku shine almakashi. Akwai inzayim da ake kira topo II, yana kama zare ɗaya ya yanke shi gaba ɗaya, ya wuce da ɗayan ta cikin yankan, ya sake ɗinkewa. Wayar iyafis ɗinka ba ta da wannan gatan. Amma shi topo II makaho ne, girmansa 'yan nanomita, bai san ko sarƙewa yake ƙarawa ko ragewa ba a kuromosom gaba ɗaya. Turewar buroshin nan ce take ba shi alƙibla, tana jan wuraren da suka sarƙe su taru a tsakanin biyun su ɗame, shi kuma duk yankan da ya yi sai zaren ya zame ta ɓangaren da ke sassauta jan. Topo II ke buɗe ƙofa, kondensin ke turawa. In aka hana topo II aiki za ka ga kuromosom ana jansu amma zare ya rage a tsakani kamar gada, ƙarshe ya tsinke. Magungunan kansa irin su etoposide da doxorubicin shi suke kamawa daidai lokacin da ya yanka bai ɗinke ba.

Abin da ke riƙe tagwayen, wato kwafi biyun kowane kuromosom, kar su rabu kafin lokaci kuma wani zoben ne ɗan uwan kondensin, kohesin. Ana cire yawancinsa daga hannuwan kuromosom tun farko a bar na ƙugu, shi ya sa kake ganin X. In lokaci ya yi sai inzayim separes ya datse shi, V ɗin da ka gani a albasa kenan ana jan kowanne ta ƙugunsa.

Dr_Binta ta rubuta:

Abba bayaninka ya yi kyau amma ka ba kondensin fiye da haƙƙinsa, kuma ina ganin Sadiq zai tafi da rabin labari. In ka cire kondensin daga sel gaba ɗaya kuromosom ɗin suna rasa siffar sanda, amma fa suna matsewa, girman wurin da suke ci yana raguwa kusan kamar yadda aka saba. Kenan gajarta tsawo daban, matse jiki daban. Kuma matsewar ma ba wani mai yawa ba ne, sau 2 zuwa 3 ne idan ka kwatanta da yadda yake kafin rabuwa, don dama can a cunkushe yake. Mutane suna jin sau dubu goma su ɗauka girma ne ya ragu haka, a'a tsawo ne.

Matsewar ta koma kan maganar caji da Malama ta fara. Histon suna da 'yan wutsiyoyi masu fozitif da ke leƙowa waje. In aka liƙa musu wani ɗan sinadari da ake ce wa asetil cajin yana mutuwa, nukiliyosom ba ya kama na kusa da shi. Lokacin rabuwa sai a cire asetil ɗin, wutsiyar wannan ta kama DNA ɗin wancan, abin ya ware kansa daga ruwan sel kamar yadda mai yake warewa daga ruwa. Lab ɗin Daniel Gerlich a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya sun nuna haka a 2022, da suka hana cire asetil sai kuromosom suka kumbura har zaruruwan da ke jansu suna huda su suna wucewa. Ka ga amfanin matsewar kenan, jiki ne da ba a iya hudawa.

Sai tambaya ta biyo, in suna da danƙo haka me ya hana 46 ɗin su manne da juna? Akwai furotin Ki-67 da ke lulluɓe bayan kowanne, kansa ɗaya a liƙe, dogon jikinsa mai caji yana miƙe waje, aikin sabulu sak. An nuna wannan a 2016, in babu shi sai su dunƙule. Ni kullum ina ganin Ki-67 a aikina, muna rina ƙari da shi mu ƙirga sel nawa ne cikin ɗari suka yi ruwan ƙasa don mu san saurin girman ciwon, tun 1983 aka san shi daga garin Kiel na Jamus, amma an yi shekara talatin da wani abu ana amfani da shi ba a san wannan aikin nasa ba. Ranar da na karanta sai da na koma na sake kallon silaid ɗina da wani ido.

Kuma Sadiq tunda fizis kake yi ka nemi aikin John Marko da Michael Poirier. Sun kama kuromosom ɗaya na wata dabba dangin kwaɗo da tsinin gilashi biyu suka ja, yana miƙewa har ninki biyar ya koma yadda yake kamar roba. Da suka fesa masa inzayim mai yanka DNA kawai sai ya narke ya rabu. Da ƙashin bayan furotin ne sandararre daga farko har ƙarshe da bai rabu ba, kenan raga ce ta DNA da aka ɗaɗɗaure nan da can.

Malama_Hauwa ta rubuta:

Naga ba wanda ya taɓa tambaya ta uku. Duk abin nan makunni ɗaya ne ke tada shi, inzayim Cdk1 tare da furotin saikilin B, wanda aikin gano su ya kawo wa Hartwell da Hunt da Nurse kyautar Nobel a 2001. Shi ke liƙa fosfet a jikin kondensin da ɗaruruwan furotin. Daidai lokacin da tagwaye za su rabu sai a lalata saikilin B, Cdk1 ya mutu, masu cire fosfet wato PP1 da PP2A su bi suna gogewa, kondensin I ya sauka, asetil ya dawo. Daga nan turewar caji da entrofi suna taimakawa zaren ya buɗe, amma ba kyauta ba ne gaba ɗaya, a gwajin ruwan ƙwan kwaɗo in babu ATP warwarewar ba ta tafiya, akwai injina irin su p97 da ke fizge furotin ɗin rabuwa daga jikin kuromosom da ƙarfi.

Wani abin lura, kafin su buɗe sai sun fara matsowa sun dunƙule wuri ɗaya tukun, Ki-67 ɗin da Dakta ta ce yana raba su a nan juyawa yake ya haɗa su, su matse ruwan sel da manyan tarkacensa waje, sannan bango ya zagaye su duka a cibiya ɗaya. Sai ƙofofin bangon su fara shigo da furotin cibiya ta kumbura.

Kuma kalmar warwarewa tana ruɗarwa, ba sa komawa su cakuɗe. Kowane kuromosom yana buɗewa ne a inda ya tsaya ya riƙe yankinsa, Carl Rabl ya lura da alamar haka tun 1885. Dalilin na fizis ne zalla, dogon zare a cikin cunkoso ba ya iya ratsa maƙwabcinsa, sai dai ya silale ta tsawonsa kamar maciji a rami, kuma lokacin da hakan ke ci yana ƙaruwa ne kamar tsawon zaren sau tsawon sau tsawon. Rosa da Everaers sun lissafa a 2008 cewa kuromosom na mutum zai buƙaci ɗaruruwan shekaru kafin ya cakuɗe sosai, sel kuma yakan sake rabuwa cikin kamar awa 24. Wayarka tana ƙullewa ne don gajera ce bakinta biyu suna yawo kana kuma jijjiga ta.

Sadiq_fizis ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri, Malama da Dakta da Malam Abba. Maganar macijin nan mun yi ta a kwas ɗin folima, wato dogayen sinadarai masu kama da zare, amma ban taɓa kawo ta nan ba. Na roƙi mai kula da lab ya ce silaid ɗin suna nan, gobe zan koma in nemi sel ɗin da ke ƙarshen rabuwa, wanda dunƙule biyun suka fara dusashewa, in ɗauki hoto ta bakin na'urar da wayata in ɗora muku a nan. Malam Abba in kondensin biyu suka yi karo a kan zare ɗaya kowanne yana zuƙo nasa, tsayawa suke ko ɗaya yana tsallake ɗaya?

Abba_Kondensin ya rubuta:

A gwajin gilashi dai suna tsallake juna, lab ɗin Delft ɗin nan sun nuna a 2020, madaukan biyu sai su haɗu su yi wata siffa kamar harafin Z, zare uku a jere. Ka ɗora hoton goben, in ka samu wanda gada ta rage a tsakaninsa ma ka ɗauko mana shi.